Baba Ya Ajiye Tuƙi

Yaya Umaru,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya aiki, ya zaman Ikko? Mu nan Bukkuyum sai godiya.

Na faɗa wa Baba zancen motar da kake son aiko mashi, mai canza giya da kanta, tunda ƙafarshi ta hagu ta daina taka kuloci. Sai ya ce, "Yi mashi godiya. Amma in batir ya mutu a hanyar Adabka, irinta ba ta tashi da turi. Ba ni kwanar da mutane a daji."

Ranar Juma'a ya gwada motarshi Landiroba a rairayin bakin gulbi. Ƙafar ta ƙi, motar ta kafe, sai da muka sauko da shi a hannu. Nan ya miƙa wa Kawu Bala makulli.

Yanzu a zaure yake wuni. In mota ta wuce tana nishi, sai in ji ya ce a hankali, "Sa mata giya lamba biyu."

Ka sa shi cikin addu'a. Inna na gaishe ku duka.

Ƙanenka,
Sani