Kwalaben Dodon Koɗin da Aka Zubar Ranar Tsafta

Daga: Kubura Ɗahiru Kalgo,
Ɗalibar digiri na biyu, fannin nazarin halittu.

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Duba-gari,
Shiyyar Gwandu da Kalgo, Jihar Kabi.

3 ga Fabrairu, 1994

Game da: Zubar da kayan bincikena da kulle ɗakin aikina

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kana lafiya, ina neman izinin gabatar da kukana. Na zo ofishinka sau biyu, na zauna a benci har aka tashi, na kasa buɗe baki. Shi ya sa na rubuto.

1. Tun watan Yulin bara nake nazarin ƙananan dodon koɗi na ruwa, waɗanda ke ɗauke da tsutsar tsargiya, cutar fitsarin jini. Na tsinto su da hannuna daga tabkunan Dalijan, Malisa da Dodoru, na ajiye su cikin kwalabe arba'in da biyu a ɗakin da aka ara mini bayan wani asibitin sha-ka-tafi a Gwandu. Kowace kwalba da lambarta, bakinta ɗaure da ƙyalle. Ba ni da abokin aiki. Inna Dije, wata dattijuwa mai tallan nono, ita kaɗai ke leƙowa ta tambaye ni ko dabbobina sun tashi lafiya.

2. Ita ce ta nuna mini wani tabki a Dodoru inda 'ya'yan aduwa ke faɗawa, ta ce ba ta taɓa ganin dodon koɗi a cikinsa ba. Na jiƙa 'ya'yan aduwa, na gwada ruwan. A kwalabe tara cikin goma, dodon koɗin sun mutu kafin kwana biyu. Gwaji ɗaya ya rage in tabbatar da ma'aunin da ya dace.

3. Ranar Asabar, 29 ga Janairu, ranar tsaftar muhalli ta ƙarshen wata, ina gida a Kalgo domin doka ta hana zirga-zirga. Ma'aikacinka Malam Atiku ya shiga ɗakin, ya ce kwantaccen ruwa gidan sauro ne, ya sa aka tuttule kwalaben duka a kwata. An wanke su tas, an kife su a jere. Ban taɓa ganinsu da tsafta haka ba, ranka ya daɗe.

4. Daga nan ya sa wa ɗakin kwaɗo. Littafin da na rubuta sakamakon aikina na wata bakwai yana ciki, kan taga, inda rana ke bugawa. Da na sami Malam Atiku ranar Litinin, ya ce yarinya mai ilimin jami'a ba ta ji kunyar kiwon ƙwari ba. Ban ga laifinsa da ya tsani sauro ba, amma da ya ɗaga ƙyalle ɗaya da ya ga babu tsutsar sauro ko guda.

5. Tabkunan Dalijan da Dodoru sun riga sun ƙafe. Na Malisa kaɗai ya rage, ruwansa iya gwiwa, kuma ba zai kai ƙaramar salla ba. In ya ƙafe, ba zan sami wasu dodon koɗin ba sai wata damina. Mutanen da ke wanka da wanki a cikinsa za su ƙara shekara guda suna fitsarin jini, ni kuma lokacin da jami'a ta ba ni zai ƙare.

Saboda haka ina roƙo da ladabi a buɗe mini ɗakin kafin ranar Litinin, 7 ga wata, a kuma ba ni takarda mai hatiminka in manna a ƙofa, domin ranar tsafta mai zuwa. Ba na neman a hukunta Malam Atiku.

Kwalba ɗaya ta tsira, mai lamba sha tara, wadda na tafi da ita gida. Dodon koɗi guda huɗu ne a ciki. Yau da safe na ga ɗaya ya yi ƙwai a jikin gilashin, na rasa wanda zan faɗa wa. Ga shi na faɗa maka.

Allah ya ƙara girma, ya ba ka ikon dubawa.

Taka mai biyayya,
Kubura Ɗahiru Kalgo