Mijina Ya Raɗa wa Ƙwayar Cuta Sunan Mahaifiyata

Gwaggo Aaltje, don Allah ki agaza mini. Gidanmu ya rikice, ga ni da cikin wata shida.

Mijina Sjoerd mai bincike ne. Shekara tara ke nan yana leƙen ƙwayoyin cutar da ke ɓuya cikin abinci, yana neman sinadaran da suke narkar da sukari da su. Wai in aka toshe musu wannan hanya, yunwa ce za ta kashe su. Mutumin kirki ne, shi yake gyara mini keke, sai dai ko burodi zai yanka sai ya wanke wuƙa sau uku. Mu kuwa a gonarmu cuku muke yi da ɗanyar madara tun zamanin kakan Baba.

Ranar Lahadi Baba ya cika shekara saba'in. Muna zazzaune a falo ana zagayawa da kofi da kek, sai ga Wietske, abokiyar aikin Sjoerd da ya gayyato. Da aka ce mata ga mahaifiyata, Geertje, sai ta tuntsire da dariya, ta ce ashe Geertje mutum ce! Wai su a wurin aiki Geertje ita ce ƙwayar cutar listeriya: kusan duk sukarin da ta samu sai ta cinye, sanyin firji bai dame ta ba, in ta shiga wuri kuma ba ta fita. Har ta ƙara da cewa ranar Talata kaɗai sun kashe Geertje farantin gwaji goma sha biyu.

Gwaggo, a lokacin Mama tana riƙe da yankan kek na uku. Kuma tsakani da Allah, ba ta ɗumama gida sai ta ga ruwan magudana ya daskare. Bara ta zo mana kwana biyu, ta yi wata guda. Baba ya yi dariya har haƙoransa na roba suka faɗa cikin kofi, yanzu shi ma ba ta yi masa magana.

A hanyar komawa na tsare Sjoerd, ya amsa laifinsa. Ashe ba ita kaɗai ba ce. Yayana mai kiwon kaji shi ne salmonela, ƙwayar cutar da ake samu a jikin kaji. Ni kuma ya raɗa sunana ga wata ƙwaya mai tsirfa, wadda ba ta iya cin sukarin da kowa ke ci, wai don ita ya fi so. Na rasa fushi zan yi ko godiya.

Mama ta ce kada ya sake taka mata gona. Amma duk mako sai ta aiko mini da cukunta mai laushi, wai jikanta ya saba tun daga ciki. Sjoerd kuma yana ɓoyewa a rumfar kekuna. Jiya na tono guda huɗu, wari ne ya kai ni. Wa zan bi a cikinsu?

Taki,
Mai Tsirfa

'Yata Mai Tsirfa,

Na yi dariya, ba zan ɓoye miki ba. Amma magana biyu ce a nan, kada ki haɗa su.

A kan cuku, mijinki ne da gaskiya. Mai ciki ba ta cin cuku mai laushi na ɗanyar madara, don listeriyar nan takan ɓuya a cikinsa, ungozomarki ma haka za ta ce miki. Ke za ki gaya wa Mama da bakinki, ba shi ba, ki ce ta adana miki mafi kyau sai kin haihu. Na rumfar kekuna a zubar.

A kan suna kuwa, Mama ce da gaskiya. An muzanta ta a falonta, a gaban danginta. Sjoerd ya hau kekensa ya je da furanni, ya ba ta haƙuri a taƙaice. Ki ja masa kunne kada ya soma bayanin sinadarai, kada kuma ya ce yabo ne. Gobe ya goge sunayen daga farantan nan, in lallai sai sun yi suna ya saka nasa. Baba ma yana da nasa haƙurin da zai bayar.

Mama za ta sauko. Ban taɓa ganin kakar da ta ƙi zuwa ɗaukar jariri don an kira ta ƙwayar cuta ba, ko da yake wannan ne karo na farko da aka kawo mini irin wannan ƙara.

Allah ya sauke ki lafiya.

Gwaggo Aaltje