Malamina Ya Buga Lissafina Da Sunansa

Salamu alaikum 'yan uwa. Admin a sakaya sunana, don Allah shawararku nake nema.

Har yau in na ji ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko sai gabana ya faɗi, domin irin ƙamshin da garinmu Kontagora take yi ke nan ranar da abin ya faro. Ina digiri na biyu a fannin kimiyyar fizis, yajin aiki ya dawo da ni gida. Bincikena a kan abu biyu ne, yadda ƙwayoyin zarra suke karo su watse, da alamomin da suka bari tun sararin samaniya yana jariri yana buɗewa. Masana sun gano lissafin karon yana ɓoye cikin na alamomin. Ina zaune ina kallon ɗigon ruwa a bahon wankin Mama, da'irori suna haɗuwa suna ratsa juna, sai na hango gajeriyar hanyar da za a faro daga karon a gina alamomin. Nan take na kira malamin da ke duba aikina, na zayyana masa komai a waya.

Ya ce madalla, naki ne ko a wani wuri kika gani? Ni da aka yi wa tarbiyya a kan ba a yabon kai gaban babba, sai na ce a'a Malam, ai duk naku ne, ku kuka koya mana.

Bayan mun koma makaranta sai ga takarda ɗauke da lissafina ta fito a mujalla, sunansa da na wani farfesa na ƙasar waje. Nawa yana can ƙasa wurin godiya. Na je ofis ina hawaye, ya ce da bakina na ce nasa ne, kuma in tuna wa zai sa hannu a kundin digirina. Yanzu wannan lissafin shi ne zuciyar kundin, in na bar shi a ciki mai jarrabawa zai ce kwafa na yi, in na cire babu abin da ya rage. Mama ta ce, ke 'yar nan ki bar wa Allah, malami uba ne.

Na so in bari. Sai kwanan nan wata ɗalibar farfesan ta gaya mini, tun a lokacin farfesan ya nemi a turo masa yarinyar da aka yi wa godiya ta yi karatu a wurinsa. Malam ya amsa masa wai na bar boko, na koma gida.

'Yan uwa, in gaya wa farfesan ina nan, ko in yi shiru har a sa mini hannu?