Baƙin da ke Yatsan Baba

Assalamu alaikum Yaya Sabi'u,

Ina fatan kana lafiya, kai da Anti Rabi da yara. Ya aiki, ya ruwan Fatakwal?

Yaya, hankalina a tashe yake. Lokacin yankan dawa kututture ya soki Baba a ƙafa, ta kumbura har takalmi ba ya shiga. Inna ta daka ganyen lalle da na sabara tana ƙunsa masa. Wallahi ya yi aiki, kumburin ya sace, zugin ya lafa, sai Baba ya ce ba inda za shi, balle asibiti a Ɗambatta.

Jiya ina wanke masa ƙafar na ga babban yatsan ya yi baƙi ƙirin. Inna ta ce, "Ke dai kin cika tsoro, lalle ne ya kama." To ai lalle ba ya wari, Yaya. Na mintsini yatsan da ƙarfi, Baba yana ta jan carbinsa, bai ma san na taɓa shi ba. Ga kuma sugan nan nasa.

Maganarka kaɗai yake ji. Don girman Allah ka kira shi yau. Ka gaida Kawu Isa, ku sa mu a addu'a, domin da safen nan baƙin ya haura inda lalle bai taɓa kaiwa ba.

Ƙanwarka,
Hafsatu