Rasuwar Alhaja Bolanle, Maman Jarumai, da Abin da Aka Raba Ranar Uku

Cikin alhini da karayar zuciya, tare da miƙa wuya ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Masu Tara Jaruman Roba ta Birnin Kebbi da Argungu take sanar da mambobinta, da 'yan kasuwa, da sauran jama'a, cewa ta samu labarin rasuwar Uwar Ƙungiya kuma Babbar Mai Tantancewa, Alhaja Bolanle Abdussamadu, wadda yara da manya suka fi sani da Maman Jarumai. Allah Ya yi mata cikawa a farkon makon jiya a gidanta da ke unguwar Nasarawa bayan gajeruwar jinya, kuma an yi jana'izarta a ranar kamar yadda addinin Musulunci ya tanada. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Marigayiya ta zo garin nan daga Kudu tun tana amarya, tare da maigidanta, marigayi Alhaji Abdussamadu mai kayan keke, ta zauna da mu har Hausarta ta koma irin tamu ta Kabi. Sana'arta sayar da kayan wasan yara na gwanjo. A cikin dilolin da take kwancewa ne ta lura da wasu ƙananan mutum-mutumi na roba, masu gaɓoɓin da ke motsi, waɗanda aka ƙera da siffar jaruman littattafan labarin zane. Sauran 'yan kasuwa suna zuba su a tabarma, kashi-kashi, tare da ƙwallo da motocin roba. Ita kuwa ta riƙa ware su, tana tambaya, tana kwatanta wannan da wancan, har ta kai matsayin da in an samu jarumi a Argungu, ko Gulma, ko Jega, ba a yarda da ingancinsa sai ya ratsa ta hannunta.

Duk wanda ya zauna a teburinta na ranar Asabar ya san yadda take aiki. Takan kifa jarumi ta duba tafin ƙafarsa, inda ake buga shekarar ƙira da sunan masana'anta da ƙananan baƙaƙe. Takan kai shi kusa da kunne ta lanƙwasa gwiwarsa ta saurara. Takan shinshina robar, domin na jabu yana da wari irin na sabon bokiti. Daga nan sai ta duba fentin ido. Matsayi uku take bayarwa, kuma ita ta raɗa musu suna: wanda ba a taɓa fasa kwalinsa ba shi ne amarya, wanda aka buɗe amma komai nasa ya cika shi ne bazawara, wanda ya rasa hannu ko takobi ko hula shi ne tsohon soja. Ba ta sassauta wa kowa. Wani babban ma'aikaci ya taɓa zuwa da nasa a naɗe cikin farin ƙyalle, ta shinshina sau ɗaya ta miƙa masa, ta ce, "Ranka ya daɗe, wanga jabu na. Kai wa jikanka ya yi wanka da shi." Maganar da ta fi maimaitawa ita ce kwali rabin jarumi ne, kada a jiƙa shi, kada a bar shi a rana, kada a fasa.

Akwai wata hidima tata da ba kowa ya sani ba, kuma dole a faɗe ta yau. A gidajenmu da yawa iyaye maza ba sa yarda a shigo da abu mai siffar mutum cikin ɗaki. Muna girmama wannan, ba mu taɓa jayayya da kowa a kai ba. Saboda haka marigayiya ta ware ɗaki guda a gidanta, ta sa kabad-kabad na gilashi, ta ba kowane mamba nasa gurbi. Abin da ke cikin ɗakin nan, mafi yawansa ba nata ba ne. Ajiya ce ta matasa da 'yan mata da magidanta, wasu tun suna firamare suke tarawa. Ba ta taɓa neman ko sisin kwabo a kan wannan ajiya ba.

Da mun so wannan saƙo ya tsaya a nan. Amma ƙungiya ba za ta iya yin shiru a kan abin da ya faru ranar addu'ar uku ba.

A ranar, wasu maƙwabta da suka karɓi hidimar sadaka sun buɗe ɗakin. An leƙa wurin ɗiyar marigayiya, Malama Ebunoluwa, wadda ta taso daga Kudu, tana zaune cikin mata tana karɓar gaisuwa, aka ce mata akwai kayan wasan yara jibge a ɗaki. Cikin kuka ta ce a yi yadda ya dace. Ba ta san ajiya ba ce, kuma ba mu ga laifinta ba ko kaɗan. Sai aka sa wuƙa aka farke kwalaye ɗaya bayan ɗaya, aka juye jarumai cikin daro, aka tara yaran unguwa aka raba musu, kowa ya ɗauka ya yi wa mamaciya addu'a. Kwalayen kuwa, da su aka hura wutar tandar masa. Mambobinmu da suka zo gaisuwa sun ci wannan masa, ba su san da me aka toya ta ba, sai da suka fito suka ga yara suna jan amaren Alhaja a cikin kwata da igiya a wuya.

Da Mataimakin Shugaban Ƙungiya, Malam Hodi Argungu, ya tambayi dalili, wani dattijo ya amsa masa a gaban jama'a cewa sun sauƙaƙa mata kwanciyar kabari ne, sun raba ta da gumaka. Cikin ladabi ƙungiya take tambayar wannan dattijo da masu ra'ayinsa. In gumaka ne, don me kuka damƙa su a hannun 'ya'yanku da sunan sadaka? In kuwa kayan wasa ne da babu laifi a cikinsu, don me aka yi shekara da shekaru ana nuna matar nan da baki, ana cewa tana lalata yaran mutane? Ɗakin nan kun san ba ita kaɗai ke shigarsa ba. Kuna ganin masu zuwa duba ajiyarsu duk Asabar. Babu wanda ya ce a dakata a tambaye su.

Ni da nake sa hannu a wannan takarda ba mai tara jarumai ba ce. Marigayiya ce ta ce in riƙe muƙamin kakakin ƙungiya, saboda yawancin mambobinmu ba za su iya sa sunansu a fili ba, iyayensu ba su sani ba. Da na ce mata karatuna na yaƙi da jahilci ne, da furfurata na koyi haɗa baƙi, sai ta ce, "Maman Munzali, in kin iya karanta tafin ƙafar jarumi, mi ya rage?"

Munzali ɗana ne. Saurayi ne yanzu, da ciwon sikila aka haife shi. Bai yi ƙwallo ba, bai yi iyo a kogi ba, makaranta ma rabi da rabi ya yi ta. Wuri ɗaya ne yake wanka ya sa riga ya tafi da ƙafarsa ba tare da na roƙe shi ba, teburin Alhaja. A wurinta ya koyi tantancewa, kuma kafin ta kwanta jinya ta sanar da mambobi cewa a zaman tantancewa na Argungu mai zuwa shi zai zauna a kujerarta, ita ta koma gefe ta kalla. Duk abin da ya tara yana cikin ɗakin nan. Yana cikin waɗanda suka ci masar. Tun da ya dawo gida ya juya fuska bango, abinci da ruwa sai an yi da gaske, kuma duk uwar mai sikila ta san abin da baƙin ciki da ƙin shan ruwa suke jawowa. Ina zaune a ƙofar ɗakinsa ina sauraron numfashinsa nake wannan rubutu.

Don haka ƙungiya take roƙon iyayen yaran Nasarawa da kewaye, don girman Allah, su duba hannun 'ya'yansu. Duk jarumin da aka samu, ko ya karye, ko an tauna kansa, a kai shi shagon marigayiya a kasuwa a ba Malam Hodi. Ba za a tambayi kowa komai ba, kuma ƙungiya za ta musanya wa kowane yaro da sabon abin wasa, don kada a ce mun ƙwace sadaka. Mun san amarya ba za ta sake zama amarya ba. Kwalayen sun zama toka.

Guda ɗaya nake roƙo da bakina. Ƙarami ne, mai koren sulke, fentin fuskarsa ya goge, hannunsa na hagu a ɗaure yake da zaren kamun kifi da wani masunci ya ba mu a Argungu. Alhaja da kanta ta ce tsohon soja ne, kuma a cikin tsofaffin sojoji ma shi ne na ƙarshe. Ba wanda zai saye shi. Shi ne Munzali yake damƙewa a gadon asibiti duk lokacin da ciwo ya tashi, tun yana ƙarami. Ni nake zuwa in karɓo shi wurin Alhaja, in mayar in an sallame mu. Yanzu in ciwon ya tashi ban san ƙofar da zan buga ba.

A madadin Shugaba, da Mataimakin Shugaba, da dattawan ƙungiya, da ɗaukacin mambobi na Birnin Kebbi da Argungu, muna miƙa ta'aziyyarmu ga Malama Ebunoluwa da ƙannenta, da jikoki, da al'ummar Yarbawa mazauna Birnin Kebbi, da abokan sana'arta 'yan gwanjo. Allah Ya jiƙan Alhaja Bolanle, Ya gafarta mata, Ya haskaka kabarinta, Ya saka mata da Aljanna saboda amanar da ta riƙe har ranar da ta bar duniya. Allah Ya ba iyalanta haƙuri da juriyar wannan babban rashi, mu kuma Ya ba mu ikon yafe abin da har yanzu ba mu iya yafewa ba.

Ranar Asabar za a shimfiɗa teburi a shagonta kamar kullum. Za a ajiye kujerarta. Na wanke wa Munzali rigarsa na goge, na rataye inda zai gan ta in ya juyo.

Sa hannu:
Malama Riskuwa Tamba Gulma (Maman Munzali)
Kakakin Ƙungiyar Masu Tara Jaruman Roba ta Birnin Kebbi da Argungu