Wa Zai Amsa Sunan Kukun Hatsunagi?

Cikin alhini da nauyin zuciya, Ƙungiyar Tunawa da Jirgin Yaƙi Hatsunagi ta garin Urashiro ta sami labarin rasuwar ubanta kuma shugabanta, Dattijo Tokuji Hirabayashi, babban kukun jirgin kuma na ƙarshe da ya rage cikin ma'aikatansa, wanda ya rasu ranar Talata da hantsi yana da shekara casa'in da tara.

Marigayin ya shiga Hatsunagi a 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya, lokacin da jirgin ke rakiyar jiragen ruwan dakon mai daga kudu. Sau biyu bam ya sami jirgin. A na biyun jirgin ya rasa goshinsa da mutum arba'in da ɗaya, ya dawo gida da baya-baya. Dattijo Hirabayashi bai taɓa harba bindiga ba, kuma duk wanda ya kira shi jarumi sai ya sha faɗa. Abin da yake taƙama da shi ɗaya ne: ko a ranar ma an ci abinci a kan lokaci.

Da yaƙi ya ƙare aka kwance wa jirgin bindigoginsa, aka sa shi kwaso mutanenmu da suka maƙale a ƙetare. Sawu goma sha huɗu ya yi, marigayin yana dama kunun shinkafa ga mata da tsofaffin da cikinsu ya manta da abinci. A 1948 aka cika gangar jirgin da siminti, aka girke ta a bakin tasharmu tana tare igiyar ruwa, inda masunta ke shanya koma a kanta har gobe.

A kan wannan siminti muke taruwa duk ranar 14 ga Afrilu, a kira sunayen ma'aikata ɗari biyu da talatin da biyu, mai rai ya amsa nasa, ya amsa na abokinsa da ya mutu. Dokar ƙungiya ta ce ma'aikacin jirgi kaɗai ke amsawa, kuma ranar da suka ƙare a rufe littafin sunayen. Mu da jirgin ya kwaso mun yi shekara talatin muna roƙon a sassauta, marigayin yana cewa fasinja fasinja ne. Taurin kansa ba ɓoyayye ba ne, kuma ba za mu ɓoye shi yau ba. Shekara shida shi kaɗai yake amsawa, a tsaye, ya ƙi kujera, har muryarsa ta dushe.

Muna sanar da jama'a cewa kwana tara kafin rasuwarsa ya aika a kai masa littafin har gadon asibiti, ya buga hatiminsa a kan sabuwar doka: duk wanda ya taɓa cin abincin tukunyar Hatsunagi, shi da zuriyarsa, yana iya amsawa. Da muka fara godiya sai ya katse mu, ya ce, "Ku bar ni da surutu. Mutum dubu goma sha ɗaya na ciyar, a ce in rasa mai amsa mini?"

Ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta ga 'yarsa, Uwargida Sumie Nonaka, da jikokinsa da dukan dangi, tana roƙa musu haƙuri da ƙarfin zuciyar ɗaukar wannan rashi. Mu ma mun yi rashi, kuma yana mana ciwo.

Za a kira sunaye bana kamar kullum, da ƙarfe goma na safe. Nasa ne zai zo a ƙarshe. Da izinin iyalansa, mai sa hannu a wannan takarda, wadda aka hau da ita jirgin tana da wata biyar, nonon uwarta ya ƙafe, marigayin ya riƙa ɗura mata ruwan shinkafa da cokali har aka iso gida, ita ce za ta amsa.

Fusako Kuramochi
Kakakin Ƙungiyar Tunawa da Jirgin Yaƙi Hatsunagi, Urashiro