Wanda Zai Binne Eric

Sabon Gari, Talata

Baba,

Ina gaishe ka cikin sunan Yesu. Ya jikin Mama? Tunda ba ka ɗaga wayata, na ba mijina Amaechi wannan ya kawo maka Samaru da hannunsa.

Gawar Eric tana asibiti har yau, kullum sai sun tambaye ni yaushe za mu ɗauka. Na ji dattawan ikilisiya sun ce wanda ya kashe kansa ba a yi masa sujadar jana'iza. Baba, kai ne fastonsu. Da aka sallame shi daga masana'anta a Chikaji ya fara shaye-shaye, ka sa shi a horo a gaban jama'a, ya koma bencin baya bai yi musu ba, har kunya ta koro shi wurina. Ƙanena ne, ɗanka ne. Ka zo ka yi masa addu'a, ko a bakin kabari ne.

Ka huta lafiya.
'Yarka, Christabel

Samaru, Laraba

Zuwa ga 'yata Christabel,

Alheri da salamar Ubangiji su kasance tare da ke da maigidanki. Mamanki ba ta cin abinci, matan zumunta ne ke zaune da ita.

Na karanta saƙonki. Ba jiya aka kafa ƙa'idar nan ba. Lokacin da ɗan Dattijo Felix ya yi irin wannan, uwarsa ta riƙe ƙafata tana kuka, na ce mata ba zai yiwu ba. Har gobe a layin gaba take zama duk Lahadi. Idan na yi wa nawa abin da na hana nata, da wane ido zan dube ta? Ku binne shi, kada ku jira ni.

Allah ya ba ki haƙuri.
Mahaifinki, Rabaran Shekari

Sabon Gari, Asabar

Baba,

Ina gaisuwa. Mun binne Eric jiya. Fasto Lanre na cocin su Amaechi ne ya yi addu'ar. Na gaya masa gaskiyar yadda Eric ya mutu, ya ce shi ba alƙali ba ne, mu tafi kawai. Abokan aikinsa na Chikaji suka ɗauki akwatin. Daga ikilisiyarka mutum ɗaya ce ta zo, matar Dattijo Felix. Ita ta riƙe ni da aka fara zuba ƙasa, ta ce mini ta san nauyin wannan rana.

Da muka juyo na hango wani dattijo tsaye a bayan katangar makabarta, cikin rigar da ba ta fasto ba. Kafin in ƙarasa ya hau acaɓa. Amaechi ya ce idona ne. Ban yarda ba.

Ka gai da Mama.
Christabel

Samaru, Litinin

Christabel,

Ina gaishe ki. Ni ne kika gani.

Jiya na hau mumbari na buɗe Littafi, bakina ya ƙi buɗuwa, sai mataimakina ya karɓa. Idan kin yarda, zan zo jibi. Kada ki gyara ɗakin da ƙanenki yake kwana, ki bar mini shi yadda ya bar shi.

Babanki